Abin da Majigi Bai Ɗauka Ba

Ranar sadakar ukun mahaifiyata, rabin mutanen da suka cika mana gida ban taɓa ganinsu ba. Wata mata ta tako tun daga Kwaciri a ƙafa, ta riƙe hannuna tana kuka, wai ita ma uwarta ce ta rasu. Wani dattijo mai furfura ya ce tun yana yaro yake jin muryarta a rediyo, in ta yi wa ɗanta na cikin wasa tsawa har shi sai ya gyara zama. Ban ƙaryata su ba. Fiye da rabin rayuwarta a wasan kwaikwayo ta yi shi, daga dandali zuwa rediyo, daga nan talabijin, har ta riski zamanin finafinan kaset da tsufanta, kuma kusan kullum uwa take fitowa. Ta goya 'ya'yan mutane, ta yi musu kuka, ta sa musu albarka a gaban duniya. Na karɓi gaisuwa na yi godiya, amma a raina cewa nake: ku kam a ɓagas kuka same ta.

Ni ce 'yarta ta fari, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kakanninmu daga gabas suka zo, wajen Adamawa. Fataucin fata ya kawo su Kano, suka zauna a Fagge tun kafin a haifi mahaifiyata. Fulatanci ya zube daga bakinmu sai ɗan abin da ba a rasa ba, amma kunya tana nan daram. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, in kuwa ta kama dole ta yi masa magana sai ta kau da kai ta yi da bango. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata ta wajen uwa, ita nake kira Inna. Mahaifiyata kuwa Yaya nake ce mata, don haka na ji ƙannenta suna faɗi, kuma ba wanda ya gyara mini.

Ina shekara biyar mahaifinmu ya rasu. Yaya ta gama takaba ta dawo gidan Inna da ƙanwata a goye, muka zama tsakar gida ɗaya, murhu ɗaya. A nan abin ya fara cina. Sunana a bakinta shi ne “waccan”. Sai ta ce, Inna, a ce wa waccan ta miƙo murfin tukunya, ni kuwa ina tsaye dab da ita har ina jin ƙamshin man kitsonta. Ƙanwata kuwa a cinyarta take kwana, a bakinta take cin ƙosai, har waƙa ake yi mata. Inna ta sha zaunar da ni ta ce ai haka ake yi, duk 'yar mutunci haka take yi wa ɗan fari, ba ƙi ba ne. Na ji bayanin sarai, amma bai hana ni kallon cinyar nan ba. Ni dai tun ina ƙarama ba ni da haƙuri, har yau kuwa ban same shi ba. Abin da nake so in sani ɗaya ne: matar nan tana sona, ko kuwa kunyar ta zo mata daidai?

Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, cikin shekarun hamsin da 'yan kai. Yaya ta samu aikin shara da wankin zannuwan gado a wani ƙaramin asibitin mata a Sabon Gari. Babbar ma'aikaciyar wurin wata Kirista ce daga kudancin Zariya, kowa Sista yake ce mata, doguwa, mai dariya da ƙarfi, Hausarta kamar a Fagge aka yanke mata cibi. Wata rana ta shiga ɗakin wanki ta tarar da ma'aikata sun kewaye Yaya suna riƙe ciki. Ashe likita take kwaikwaya, yadda yake tura tabarau da ɗan yatsa yana tambayar mai ciki “ina shiwo?” Yaya ta ɗauka aikinta ya ƙare. Sista kuwa ta ce a sake, ita ba ta ga farkon ba.

Dama Sista ta gaji da yi wa mata wa'azin tafasa ruwa suna gyangyaɗi. Sai ta ce a mai da shi wasa. Duk Asabar bayan la'asar ake aron zauren wata makaranta a Sabon Gari, a haɗa tebura a shimfiɗa tabarma, shi ke nan dandali ya samu. Matan Fagge su zo, na Sabon Gari su zo, Yarabawa da Inyamurai da mutanen Zariya, kowacce da goyonta. Surutu kuwa an yi shi a unguwa. Wai bazawara 'yar gidan mutunci tana hawa tebur mutane suna mata dariya. Wata maƙwabciya ta kawo wa Inna maganar har ɗaki, Inna ta bar ta ta gama, sannan ta tambaye ta ko jikanta ya daina gudawar, don in bai daina ba ta je ranar Asabar a koya mata.

Ni ba a zuwa da ni. Ina shekara tara na bi wasu mata a baya, na shige zauren na laɓe a jikin taga. Wasan na mata biyu ne, ɗaya mai tafasa ruwa, ɗaya mai taurin kai da ke ɗebo na kududdufi ta ba 'yarta. Yaya ce mai taurin kan. Wallahi ban gane ta ba. Matar da a gida ba a jin muryarta daga ɗaki zuwa zaure, ga ta tana taku tana murguɗa baki, tana cewa kakarta ma ruwan kududdufi ta sha har haƙoranta suka zube don tsufa. Zaure ya kece da dariya, ni ma na yi, har ina waiwaye in ga ko an san daga gidanmu take.

Sai yarinyar cikin wasan ta kwanta ciwo. 'Yar Sista ce, sa'ata. Ina gani Yaya ta durƙusa ta ɗora kanta a cinya, tana shafa mata goshi, tana “'yata, 'yata, buɗe ido ki dube ni,” hawaye na gaske suna sauka. Wasu matan har suna jan majina. Ni kuwa na ƙura wa hannunta ido. Ashe ta iya. Ashe hannun nan ya san yadda ake shafa goshin yarinya mai shekara tara. Ana tashi na zagaya bayan makaranta na jira 'yar Sista, ta fito tana cin gyaɗa abinta, na ɗirka mata dundu biyu masu kyau na ruga.

Washegari Sista ta zo har gida. Ba da faɗa ta zo ba, dariya take yi, tana cewa wannan ƙanwa ta Yaya akwai zafin kai, kishin yayarta take yi. Ƙanwa ta ce. Dama duk zuwan da take yi gidanmu haka ta ɗauka, tunda ta ji ina cewa Yaya, ta ga kuma a ɗakin Inna nake. Yaya ta sunkuyar da kai tana tsintar shinkafa, ba ta gyara mata ba. Ta yaya ma za ta gyara? Ta buɗe baki ta ce wannan ni na haife ta, ai shi ne babban rashin kunyar. Inna ta zane ni sama-sama don Sista ta gani. Ni so nake Yaya ta tashi ta mare ni, ko hararata ta yi, amma shinkafarta kawai take tsinta.

Bayan kamar shekara guda sai ga masu majigi. Wanda bai riski majigi ba, mota ce ke yawo gari-gari da farin ƙyalle da lasifika, a kafa a fili da magariba a nuna wa jama'a hoto mai motsi na kiwon lafiya ko noma. Sun ji labarin wasan Sista, suna so su ɗauke shi a zaga da shi ƙasar Arewa. Su biyu ne manyansu: wani Bature mai jan wuya da ke leƙa akwatin ɗaukar hoto, da wani Malam, Bakano mai sanyin magana, wanda ke masa tafinta, shi ne kuma mai yi wa jama'a bayani a lasifika ranar nuni. Sun ga wasan sun ce lallai wannan mai taurin kan ita suke so. Matsalar ɗaya ce, an kai 'yar Sista makarantar kwana a Zariya, babu yarinyar da za ta kwanta ciwo.

Sista ta faɗo gidanmu da hantsi tana murna, ta ce ta samo mafita. Ga ƙanwar Yaya nan, kamarsu ɗaya har hanci, duk wanda ya gani zai rantse uwa ce da 'ya, kuma yarinyar da ta iya dundu ai ba za ta ji tsoron akwatin Bature ba. Na dubi Yaya. Tana riƙe da ludayi, ta tsaya cak, miya na ɗiga a ƙasa. Ba ta iya cewa e, ba ta iya cewa a'a, don in ta ce a'a za a tambaye ta dalili. Kalma ɗaya daga bakin Inna ta isa ta warware komai. Inna ta dubi Yaya, ta dube ni, ta ɓare goronta a hankali, ta ce ai ba laifi, a kai ta.

Ni kam ranar ƙasa ba ta ɗauke ni ba. Na yi wanka sau biyu. Na tambayi Inna ko in an ɗora kaina a cinya ya kamata in yi nauyi ko in ɗan ɗage, ta ce in rufe mata baki.

A wani gida a Rijiyar Lemo aka yi ɗaukar. Akwatin Bature ba ya gani a duhu, don haka aka fito da gadon kara tsakar gida, aka kewaye shi da zana ta ɓangare uku, aka rataya ƙwarya da faifai don ya zama kamar ɗaki, rana kuwa na dukanmu ta sama. Wasu mutum biyu na riƙe da alluna masu ƙyalli suna haska mana fuska. Katangar gidan ta cika da kawunan 'yan kallo. Wuraren dariya duk suka tafi sumul. Yaya ta ɗebo ruwan kududdufi, ta murguɗa baki, ta kori mai tafasa ruwa da tsintsiya, har Bature ya ɗago daga akwati yana dariya. A wuraren nan ba sai ta taɓa ni ba, ƙoƙon ruwa kawai take miƙo mini tana kallon wani wajen, kuma hakan ya dace da uwa marar kula.

Da aka zo wurin ciwo sai komai ya tsaya. Aka shafa mini toka a leɓe, na kwanta. Yaya ta zo bakin gado ta tsaya kamar an dasa ta. Malam ya ce ta zauna, ta zauna a can ƙarshen gado. Ya ce ta ɗauki kaina, ta miƙo hannu, ta taɓa ɗankwalina da ƙyar ta janye kamar ta taɓa tukunyar da ke kan wuta. Kukan da ke zuwa mata duk Asabar ba wahala ya ƙi zuwa. Aka sake, aka kuma sakewa, har rana ta juya inuwa ta rufe gadon. Aka ce a dawo gobe.

Muka dawo gida ita a gaba ni a baya. Ban ci tuwo ba. Abin da nake ta juyawa a raina shi ne, 'yar Sista ta samu kuka na gaske, ni ko na ƙarya na rasa. Matar da ta iya zama likita, ta iya zama tsohuwa, ta iya zama mashayiya in an ce ta zama, ta kasa zama uwata na minti biyu.

Rana ta biyu ma haka aka fara. Bature ya soma jan tsaki, wuyansa ya ƙara ja. Ya yi magana mai tsawo, Malam ya taƙaita ta: zaren ɗaukar hoto ba shi da yawa, jibi kuma motarsu za ta wuce, in wannan ba za ta iya ba sai su musanya, mai tafasa ruwa ta zama uwar, a sake komai daga farko. Ita mai tafasa ruwan har ta fara gyara ɗauri. Sista ta ja Yaya gefe tana lallashi, ina jinta daga kan gado. Tana cewa me ya same ki ne ƙawata, wannan dama ba ta zuwa sau biyu, ki ɗauka 'yarki ce mana, ki manta ƙanwarki ce.

Ban san lokacin da na tashi zaune ba. Da tokata a baki na ce, da ƙarfin da na katanga ma suka ji:

“Ni ba ƙanwarta ba ce. Ita ta haife ni. Ba ta sona ne kawai.”

Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Sista ta dafe ƙirji, ta dubi Yaya ta dube ni, ina ganin yadda shekara biyu na zuwanta gidanmu ke dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ta san al'adar sarai, a cikin Hausawa da Fulani ta girma, ba ta dai san a kanmu take ba. Ta riƙa ba Yaya haƙuri, tana cewa ita ta jawo, da ta sani ko da wasa ba za ta haɗa mu ba. Ta ce a ba ta rabin sa'a, akwai 'yar maƙwabtansu a Sabon Gari, yanzu za ta hau keke ta ɗauko ta, kowa ya huta.

Na fara laluben takalmina a ƙarƙashin gado. Na riga na gama da duniya. Sai na ji murya daga cikin mayafi, ƙasa-ƙasa, tana fuskantar zana:

“A bar ta. Ta riga ta iya kwanciyar.”

Allah ya jiƙan Malamin nan, ban san sunansa ba har yau. Bai fassara wa Bature komai ba, ya ce masa kawai a ba shi ɗan lokaci. Ya sa aka kore na kan katanga. Ya ce da Sista da mai tafasa ruwa su shiga zaure. Masu riƙe alluna ya ce su haska gadon amma su juya fuska ga bango, shi ma ya ce zai ba da baya. Ya rage Bature kaɗai ke kallo, ta cikin akwati, shi kuwa Bature ai ba a jin kunyarsa, ba ya cikin mutanen da za a haɗu da su a gidan suna. Sannan ya matso kusa da Yaya, ba tare da ya dube ta ba, ya ce mata akwatin nan kurma ne, hoto kawai yake ɗauka, ba ya jin magana. Ranar nuni shi zai sa mata magana a baki ta lasifika. Don haka kada ta damu da abin da aka koya mata, ta faɗi duk abin da ta ga dama, baki dai ya motsa. Ni kuma ya ce in rufe ido, kada in buɗe ko gobara ta tashi.

Na rufe. Ina jin rana a fatar idona, ina jin akwatin ya fara ƙara kamar keken ɗinki. Gadon kara ya yi ƙara, ta zauna. Ta daɗe ba ta taɓa ni ba, har na ɗauka an sake lalacewa. Sai hannu ya shiga ƙarƙashin wuyana, ya ɗaga kaina, ya ɗora a cinya. Duk shirin da na yi na nauyi da ɗagewa na manta shi. Zanenta na ƙamshin sabulun asibiti da hayaƙin itace. Tafin hannunta kaushi ne da shi saboda wanki, yana kama gashin goshina in ta shafa.

Ta sunkuyo har numfashinta na taɓa kunnena, ta fara magana. Ba muryar wasa ba ce, ba kuma ta gida ba. Ta ce da damina aka haife ni, ranar ɗakin Inna na yoyo, an tara ƙwarya a gefen gado. Ta ce a kwanakin jego sai ta jira mata sun fita alwala, ta ɗauke ni da sauri ta shinshina kaina, ta mai da ni kafin a dawo. Ta ce ranar da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Inna, ta shiga bayan gida ta cusa zane a baki. Da na yi ƙyanda ina shekara uku, kwana shida tana zuwa daga gidan mahaifina da sunan aron turmi, ta tsaya a bayan ƙofa ta ji ko ina numfashi, ta ɗauki turmin da ba ta bukata ta koma. Dundun da na yi wa 'yar Sista ma ta ce ta san dalilinsa, kuma shinkafar da take tsinta ranar ba ta ganin ko ƙwaya ɗaya.

“Kin ce ba na sonki,” in ji ta. “To ki ji da kyau, don ba zan iya sake faɗa ba.”

Sai ta kira sunana. Sunan yanka, ba laƙabin da Inna ta sa mini ba. Ta kira shi sau uku, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe da hana ta. Ban taɓa sanin haka sunana yake ba. Hawayenta na ɗiga a kumatuna, nawa na fita ta gefen ido suna shiga kunne, amma ban buɗe ba. Malam ya ce ko gobara.

Akwatin ya yi shiru. Bature ya riƙa tafi yana magana da sauri, Malam ya ce wai bai taɓa ganin yarinyar da ta iya kuka ido rufe haka ba. Yaya ta sauke kaina a kan matashi, ta miƙe ta gyara ɗankwali. Sista ta fito daga zaure idonta jawur. Yaya ta ce mata a ce wa waccan ta wanke tokar bakinta kafin a fita titi. Na wanke. Raina bai ɓaci ba ko kaɗan, a hanya ma har tsalle nake ina tsallake kwata.

Watanni suka wuce kafin motar majigi ta dawo. Mai shela ya zaga Fagge ya ce bayan Magariba a fili. Yaya ta ce kanta na ciwo, ba za ta ba. Inna, wadda ba ta taɓa zuwa kallon wasan Asabar ba ko sau ɗaya, ta ɗauko mayafinta na zuwa biki ta ce in riƙe mata tabarma. Muka zauna a ɓangaren mata, can gaba. Da fuskar Yaya ta fito a ƙyalle, girmanta ya kai ƙofar zaure, fili ya ɗauki sowa. Maƙwabciyar nan mai kawo magana ita ce ta fi kowa nuna wa baƙi cewa ai 'yar unguwarsu ce.

Aka zo wurin ciwo. Ga ni kwance, baki fari fat, ga Yaya ta sunkuyo. Muryar Malam ta fito ta lasifika, a tausashe: “Jama'a, ku ji abin da take cewa. Tana cewa, kaito, da na ji magana da na tafasa ruwa.” Mata na gyaɗa kai suna share ido da bakin zane. Duk Fagge ta ji tana maganar ruwa. Ni ina kallon leɓenta, ina jin damina da turmin aro. Da bakinta ya motsa sau ukun nan, sai na ji Inna ta damƙe mini gwiwa. Ta san yadda bakin 'yarta ke motsi, ta kuma san sunan, ita ta zaɓe shi. A ƙarƙashin mayafi ta ce, “Marar kunya.” Amma muryar ta karye a tsakiya, hannun kuma bai sake ni ba har aka gama.

Muka biyo lungu muna dawowa, ina riƙe da tabarma. Na zaci faɗa za ta yi, na fara shirya yadda zan kare Yaya. Mun kusa gida ta tsaya a gindin wata katanga kamar mai hutawa. Ta tambaye ni ko na taɓa jin ta kira Yaya da suna. Na buɗe baki zan ce e, na lalubo ban samu ba. “Mutuniyar” take cewa, ko “uwar wannan” tana nuna ƙanwata. Duk shekarun nan ina ta kirga abin da aka hana ni, ban taɓa lura ba.

“Ita ma 'yata ta fari ce,” in ji Inna. “Ita ta samu akwatin Bature. Ni a ina zan samu?”

Muka shiga gida. Yaya na zaune a tsakar gida a kan turmi, ƙanwata ta yi barci a bayanta, ta kunna aci-bal-bal tana ɓare gyaɗa, mai ciwon kai ke nan. Ba ta ɗago ba, ba ta tambayi yadda aka yi ba. Inna ta tsaya a bakin zaure tana kallonta, ta daɗe. Na ga ta ja numfashi, na ga leɓenta sun rabu. Na riƙe tabarmar nan da hannu biyu ina roƙon Allah a zuci. Yaya ma hannunta ya tsaya a cikin faifai.

Inna ta sauke numfashin. Ta juyo gare ni ta ce in je in gaya wa mutuniyar ta shiga ciki da yarinya, sauro ya yi yawa. Taku huɗu ne tsakaninsu. Na taka su, na durƙusa a gaban Yaya na faɗa mata. Ta dubi bango ta ce a ce wa Inna ta ji, yanzu za ta shiga. Na koma na faɗa wa Inna.